Yaɓen ƙasa ko shafen siminti: wanne bangonka zai karɓa a Damagaram?

Da zarar damina ta ɗauke a Damagaram, mai gida kan zaga bayan gidansa ya ga abin da ruwa ya bar masa. Wani ya tarar yaɓe ya zaizaye har tubali ya leƙo, wani ya tarar shafen siminti ya kumbura ya rabu da bango, wani kuma sai ya ɗaga kai a ɗaka ya ga shatin ruwa a rufi. Daga nan shawara ke tashi a majalisa, tambayar kuwa kusan kullum ɗaya ce: in sake yaɓe da ƙasa, ko in daure in buga siminti in huta? Masu saurin ba da amsa sukan ce siminti, don a idon jama'a shi ne alamar an samu. Ni dai na ga inda siminti ya yi rana, na kuma ga inda ya ci bango, duk a gidajen da ke wuyana.

Gida biyu nake kula da su. Akwai gidanmu na gado a unguwar Birni, ginin ƙasa mai kauri da rufin azara, inda mahaifiyata ke zaune har yau. Akwai kuma wanda na gina da bulo a Karkada, ɗaki biyu rufin kankare, sauran kwano. Tsakanin gidajen nan biyu na koyi cewa jikin bango ne ke faɗin shafen da zai karɓa, aljihu daga baya yake sa baki.

Shekarun baya na samu ɗan abin hannu, na ce Hajiya ta gaji da ƙura da kwaɓar yaɓe kowace shekara. Na ɗauko wani maso, wato maginin siminti, muka shafe bangon gabas gaba ɗaya da siminti buhu 9, kai tsaye a kan ƙasa, ba raga ba ƙusa. Ya fito sumul, maƙwabta suna ta sa albarka. Damina biyu ba abin da ya faru. A ta uku wata siririyar tsaga ta sauko daga ƙarƙashin indararo, ba ta fi kaurin zare ba, ban ma tsaya kanta ba. A ta huɗu, cikin watan Agusta, ana idar da sallar asuba Hajiya ta aiko yaro a kira ni. Wani fallen siminti mai faɗin tabarma ya ɓallo ya faɗo cikin lungu, daidai inda yara ke bi zuwa makarantar allo. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da na gani a bayansa. Ƙasar ta jiƙe sharkaf, na danna hannu ya nutse har wuyan hannu, ga hanyoyin gara sun yi rassa ta ko'ina. Bangon da kakana ya gina ya rame da kusan taƙi guda, shekara huɗu ana cinsa a ɓoye.

Na je na ɗauko wani tsohon magini, abokin mahaifinmu, wanda muke kira Baba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙotar cokalin gininsa yana bin sauran shafen yana ƙwanƙwasawa. Wani wuri ya ba da ƙara a tsuke, wani wuri ya amsa kamar ganga.

"Matso ka ji, ɗana," in ji shi. "Duk inda ya yi kukan ganga, ya riga ya saki bango, jiran rana yake."

Na ce, "Baba, ai siminti ya fi ƙasa ƙarfi."

"Ya fi ta ƙarfi, shi ya sa ba sa zaman aure. Ginin ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da dare, rana ta fito ya fitar. Kai kuwa ka sa masa rigar ƙarfe, ruwa ya shiga ta wuya, ta ina zai fita?"

Maganar Baba ita ce dukan bayanin, sai dai a ɗan faɗaɗa. Ƙasa tana kumbura in ta ji laima, ta tsuke in ta bushe. Siminti kuwa da zafi da sanyi yake motsi, kuma ba ya lanƙwasa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sannan daren hunturu ya zo da sanyi mai shiga ƙashi, fatar siminti mai kaurin yatsa ɗaya ba ta da makawa sai ta tsage. Ba ta kuma manne wa ƙasa yadda take manne wa bulo, jingina kawai take yi. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. In ya shiga bayan siminti ba rana ba iska, sai ya zauna yana narkar da ƙasa, gara kuma ta samu duhu da laimar da take so. Yaɓen ƙasa in ya lalace, kowa na gani, a gyara da kwando biyu. Shafen siminti a kan ƙasa yana nuna maka lafiya har ranar da zai faɗo.

Kafin ma a kai ga zaɓen shafe, sai an gano ta inda ruwan ke zuwa, in ba haka ba kowane irin shafe asarar kuɗi ne. Ruwan da muke samu a shekara bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba galibi, amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, ya doki bango a kwance. Shi ya sa bangon gabas ke riga sauran tsufa, nan ne wuri na farko. Na biyu shi ne sama: indararon da ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ko gajere wanda ke zubar da ruwa a jikin bango maimakon ya cilla shi nesa, da rawanin gini da ya tsage. Na uku gindin bango. Garinmu a kan dutse yake zaune, a wasu unguwanni ruwa ba ya saurin nutsewa, sai ya kwanta a lungu, bango ya riƙa tsotsarsa. In ka ga farin gari kamar kanwa a ƙasan bango, shafe yana rugurgujewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ciwon daga ƙasa yake hawowa. Maganinsa a ɗaga ƙasar gindin bango a karkata ta waje, a yi dakali, a buɗe wa ruwa hanya.

Damanar 2024 ta girgiza mutane a kan ginin ƙasa. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, gidaje da dama ma sun zube a faɗin Nijar. Na ji masu cewa zamanin ƙasa ya wuce, kuma ban ga laifin wanda ya kwana yana kallon rufinsa na ɗiga ba in ya faɗi haka. Amma a Birni da Zango akwai gidaje masu zane a fuska da ke tsaye tun kafin a ɗauke babban birnin Nijar daga nan Damagaram, wato Zinder, zuwa Yamai a 1926. Abin da ya riƙe su hannu ne da ke komawa kansu a kai a kai.

To bari mu ɗauki yaɓen ƙasa mu duba shi da kyau, don yawancin masu kushe shi yaɓen gaggawa suka sani, wanda ake kwaɓawa da safe a mara da hantsi. Yaɓe na ƙwarai daga zaɓen ƙasa yake farawa. Mai yumɓu da yawa tana tsagewa in ta bushe, mai yashi da yawa tana zubewa kamar gari. Baba ba ya yarda da ido kawai. Yakan kwaɓa kashi uku ko huɗu, kowanne da yawan yashinsa, ya mara faɗin tafin hannu biyu a bangon, ya dawo bayan kwana biyu. Wanda bai tsage ba, kuma ka goga yatsa bai zubo ba, shi ne ma'aunin aikin. Sannan a zuba ramno ko ƙaiƙayi da kashin jaki ko na doki, a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana uku zuwa mako ana yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya yi danƙo ya canza wari. Zaren ciyawar nan shi ke ɗaure ƙasar kada ta tsage.

Wajen marawa, a kankare duk abin da ya saki, a share ƙura, a yayyafa ruwa. Rami mai zurfi ba a cika shi da yaɓe a tashi ɗaya. A toshe da gutsattsarin tubali da laka, a bari ya bushe, sannan a bi da shafe mara kauri sau biyu. Sai makuba a hawa na ƙarshe. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a kwaɓa ƙasar da shi, a kuma yayyafa a kai bayan an shafe. Ita ke ba bango launin nan mai kama da na goro, ta sa ruwa ya riƙa zamewa. Ɗorawa ta yi ƙaranci a kusa da gari, sai an yi sautu daga kudu, wajen Magarya da Matamaye ko ƙetaren iyaka. In ba ta samu ba wasu na jiƙa bagaruwa, wadda ba ta wuya a garin majema irin namu. Bangon da ya sha makuba da kyau yakan ɗauki damina uku ko huɗu kafin ya nemi hannu, ban da na gabas, wanda gara a duba shi kowace shekara.

Akwai laso ma, wanda tsofaffi ke kira simintin Hausa: katsin marina da aka ƙona aka daka, a haɗa da gashin jima da yauƙin dafara. Da shi ake shafe rufi da rawani a gidajen masu hali. Marina ta ja baya, masu iya haɗa shi sun ƙaranta, don haka ba zan sa shi cikin lissafin mai neman gyara bana ba. Amma in gidanku na da tsohon laso da bai saki ba, kada ka bari a fasa shi.

Aibin yaɓe ba ɓoyayye ba ne. Yana son a dawo masa, kuma zamanin da dangi da maƙwabta ke taruwa a yi gayya a yaɓe gida a wuni ɗaya ya ja baya. Yau lebura za ka biya, ka sayi ƙasa a amalanke, ka sayi ruwa. A cikin ɗaki yana zubar da ƙura in ba a bi shi da farar ƙasa ba, ba ya jure gogar kujera da wasan yara, kuma a makewayi ko wurin wanke-wanke ba ya daɗewa. Wanda ke zaune a Yamai ko Agadas ya bar tsohuwa ita kaɗai a gida, dole wannan ya dame shi. A ɗaya hannun kuma, ɗakin ƙasa mai kauri a watan Mayu ya fi ɗakin bulo sanyi nesa ba kusa ba, ga shi in wutar lantarki ta ɗauke ba ka rasa barci.

Saboda wannan ne mutane ke neman tsaka-tsaki, kuma hanyoyin ba ɗaya suke ba. Ta farko ita ce a ɗan sa wa ƙasar siminti kaɗan, kamar mudu 1 cikin mudu 10 zuwa 12 na ƙasa mai yashi-yashi. Wannan shafe ya fi yaɓe zalla jure ruwa, bai kuma yi taurin da zai rabu da bango da wuri ba. Sharaɗinsa a gauraya a bushe sosai kafin a sa ruwa, a kwaɓa kaɗan-kaɗan a yi aiki da shi cikin awa guda, kuma ba a sa masa taki, ba a barinsa ya kwana. A ƙasa mai yumɓu sosai siminti ba ya kamawa da kyau. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da bangon gabas na wanda ba zai iya zuwa kowace shekara ba.

Ta biyu ita ce shafen siminti a kan raga. A kankare bango, a kafa dogayen ƙusoshi ko a dasa tsakuwa da sakaina a jikinsa, a ɗaure ragar waya irin ta kejin kaji, sannan a shafe da kwaɓi mara ƙarfi, siminti 1 yashi 6 ko fiye. Ya fi abin da aka yi mini daɗewa, kuma ko ya saki raga na riƙe shi kada ya faɗo kan mutum. Amma matsalar ruwan da ke shiga baya tana nan, raga kuma tana tsatsa. Ya fi kamawa a ginin da muke cewa samidur, na birkin ƙasa mai kusurwa huɗu, in an ƙwaƙule tsakanin birki da birki siminti ya samu wurin cizo. A tsohon bangon tubali mai ciki da kafaɗa, wanda aka yi ta yaɓewa shekara da shekaru, ba na ba kowa shawararsa. Inda na yarda da siminti a gidan ƙasa shi ne dakalin gindin bango, da bakin indararo, da makewayi.

Ta uku ita ce kwalta ko baƙin mai. Kwalta kaɗan da aka narka aka cuɗa cikin kwaɓi tana korar ruwa. Amma shafa ta a fuskar bango kamar fenti toshe numfashi ne irin na siminti, ga baƙi na jan zafi. Baƙin man mota kuwa wari da dauɗa ne, ban ga dalilin kai shi inda yara ke jingina ba.

A gidan bulo maganar ta juya gaba ɗaya. Nan siminti ya samu ɗan'uwansa, ba a ma kawo zancen yaɓe. In shafe ya lalace a bangon bulo, kusan kullum ɗaya cikin uku ne: an yi rowar siminti, ko yashi mai laka, ko rowar ruwa. Buhu mai kilo 50 yana ɗaukar baro 2 zuwa 2 da rabi na yashi, ya shafe wajen murabba'in mita 9 zuwa 10 in kauri santimita 1 da rabi ne. Ke nan ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, cikinsa zai ci buhu 5 ko kusa da haka. In maso ya ce buhu 3 sun isa, shafen zai riƙa zubar da yashi in ka goga hannu. In kuma aka cika siminti don neman ƙarfi, sai ya tsattsage kamar busasshen tabki. Siminti mai lamba 32.5 ya wadatar wa shafe, shi ne ma wanda gwamnati ta rage wa farashi a watan Oktoba 2024. Mai lamba 42.5 a bar wa ginshiƙi da kankare. Na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya ta hanyar Kano, abin dubawa shi ne kada ya zama ya kwana a laima. Buhun da ka taɓa ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri a ciki, bar shi a shago.

Yashi kuwa gwajinsa ba wuya. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye zuwa gobe. In lakar da ta kwanta a samansa ta kai kaurin yatsa, nemi wani ko a wanke shi. Yashin da iska ke tarawa mai laushi kamar gari shi kaɗai ba ya yin shafe mai kyau, sai an haɗa da mai ɗan kaushi na ƙorama.

Ruwa shi ne inda mu ƴan Damagaram muka fi cutar kanmu, dalili kuwa kowa ya san shi. Garin da ake bin layin famfo da jarka, ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, da wuya a ce wa mutum ya shayar da bango. Amma siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da bushewa ba. A jiƙa bulo kafin a fara, a watsa hawa na farko mai ruwa-ruwa da siminti da yawa don ya yi kaushi, a bari ya kwana, sannan a yi na biyu. Bayan an gama a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, fenti ma gara a jira wannan lokacin. Iskar hunturu da ranar bazara duk suna shanye ruwan shafe kafin ya kama, don haka a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, a rataya tsofaffin buhuna ko tabarma a jiƙe a kan bangon. Kuɗin ruwan nan a sa shi cikin lissafi tun farko, tare da kuɗin buhu. Wanda ba zai iya sayen ruwan mako ɗaya ba, gara ya shafe bango ɗaya bana ya bar sauran.

Tsaga ma iri-iri ce. Ƙanana masu kama da saƙar gizo-gizo a fuskar shafe ba su da haɗari, fenti ko feshin siminti mai kaushi da muke cewa tiroliyan na rufe su, ko da yake tiroliyan na tara ƙura. Wadda ta buɗe har tsinke na shiga, a faɗaɗa bakinta, a share, a jiƙa, a ɗora ɗan yankin raga a shafe. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, daga tushe take. Manna mata ɗan siminti a wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ko biyu mannin ya tsage, ginin na motsi, sai a kira mai ilimin gini ya duba tushe kafin a kashe ko dala a shafe.

Sai rufi, inda kuskure ya fi tsada, don a ƙarƙashinsa ake kwana. A ɗakin azara, tabon da ke ciki daga sama ya zo, kuma a sama ake gyara shi. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙara ƙasa kowace shekara ba tare da an kwashe tsohuwa ba. Rufin ya yi ta nauyi, azara ta lanƙwasa, tsakiya ta zama kwari, ruwa ya kwanta, a sake ƙara ƙasa. A kankare wadda ta mutu, a gyara gangare zuwa indararo, a daɓe da makuba. Leda da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙasar tana tare ɗiga, amma in ta huje ruwan da ya shiga ba ya fita, sai ya ruɓar da zana da itace a ɓoye. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, ƙarshenta da ke cikin bango ne ke ruɓewa in laima ta daɗe. Soka wuƙa a wurin. In ta shige da sauƙi, a tokare rufin a fitar da mutane kafin a yi wata magana. Giginya ta yi tsada ƙwarai, shi ya sa da yawa ke komawa ƙarfe.

A rufin kankare, wanda muke cewa dal, alamar haɗari ita ce jan tabo da shafe mai kumburi a bin layi. Ruwa ne ya kai ga rodi, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tura kankaren ya ɓalle. Shafawa a kai ba ta tsayar da ita. A fasa duk inda ya saki har a zagaye rodin, a goge shi da burushin waya sai ya yi haske, a cike da kwaɓi mai ƙarfi, sannan a hau sama a gyara gangare da abin hana ruwa. In rodin ya cinye ya sirance, ko dal ɗin ya yi ciki, wannan ya wuce aikin maso.

A ƙarƙashin kwano kuwa zaɓi uku ne a kasuwa: silin katako, na roba, da na farin gari da ake cewa sitaf. Katako ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, ka cire falle ɗaya ka sa wani, amma ɗiga kaɗan ke sa shi ya kumbura ya yi baƙi, gara ma na sonsa. Roba ba ruwanta da laima ko gara, ana goge ta da tsumma, sai dai mara kauri tana lanƙwasa da zafin kwano, kuma in wayar lantarki ta yi tartsatsi narkewa take da hayaƙi mai guba. Ba na sa ta a madafa. Tana kuma ɓoye yoyo, ruwa ya taru a kanta katakon da ke riƙe da ita na ruɓewa. Sitaf ya fi su kyau da tare zafi, ba ya cin wuta, amma yana da nauyi, yana son gwani wajen ratayawa, kuma ruwa ne ajalinsa. Wanda kwanonsa ke yoyo ko a wuri ɗaya ne, kada ya sa sitaf sai ya toshe. Kada kuma a yarda a gauraya garin sitaf da siminti wai don ya kama da wuri, daga baya kumbura yake ya ruguje. Kowanne ka zaɓa, a toshe bakin kwano da raga saboda jemage da ɓera, a bar iska na ratsawa, a kuma bar ƙaramar ƙofa a silin ta leƙawa.

Wajen kuɗi, kada a tsaya kan na ranar aiki. Yaɓe kuɗinsa kaɗan-kaɗan ne amma yana dawowa, kuma yawancinsa a hannun lebura da mai amalanke yake ƙarewa. Siminti a kan bulo sau ɗaya ne in an yi shi daidai, ya ɗauke ka shekaru masu yawa. Siminti a kan ƙasa kuwa sau uku na biya shi: na sa shi, na biya aka fasa aka kwashe, na kuma biya aka sake gina cikin bangon da ya cinye, wanda da yaɓe ne da ban taɓa biya ba. Lokacin aiki ma na cikin lissafi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Daga kaka zuwa farkon sanyi tabkuna na da sauran ruwa, ciyawa da ƙaiƙayi na da araha, magina ba su yi wuya ba. Wanda ya jira sai hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni zai sayi komai da tsada, kuma ruwan farko na iya wanke ɗanyen aikin.

Bangon gabas na gidan Hajiya yanzu yaɓe ne da makuba, da dakalin siminti zuwa gwiwa, indararo kuma mun sa dogo wanda ke zubarwa tsakiyar lungu. Baba ya daina hawa tsani, ɗansa ke aikin, shi yana zaune a inuwa yana duba kwaɓi da yatsa. Akwai sauran shafen siminti a bangon arewa da ban fasa ba tukuna, don bai saki duka ba. Duk ƙarshen wata nakan bi shi da ƙotar wuƙa ina ƙwanƙwasawa, inda ya yi kukan ganga in zagaye da gawayi. Zagayen sun kai 5 yanzu, biyu sun kusa haɗewa a ƙarƙashin taga. Na riga na yi sautun makuba buhu 2 daga Magarya, da ta iso za mu fara da nan.